Wace Inshora Ce Ta Dace da Mai Fara Ƙaramar Sana'a?

Nassoshin karatu: Fitowa 22:5-6, Luka 14:28-30, Galatiyawa 6:2-5

Bayan kaka, in an sayar da masara da waken suya da barkono, lokacin ne 'yan'uwa da yawa a ikkilisiyoyinmu na Karaye da Rogo suke fara sabuwar sana'a. Wani ya haɗa kuɗin amfanin gona da na adashi ya sayi babur mai ƙafa uku. Wata ta kafa injin markaɗe a ƙofar gida. Matasa sukan buɗe wurin POS da cajin waya, wasu su kama fadama kusa da madatsar ruwa ta Challawa domin noman rani, wasu kuma su sayi injin matse rake su shiga yin mazarƙwaila. Akan kira fasto ya yi addu'ar keɓewa, a yi waƙar godiya, a ci abinci a watse. Haka kuwa ya kamata.

Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba a ranar buɗewa: in gobara ta tashi a shagon nan, ko babur ɗin nan ya buge mutum, wa zai biya? Amsar da muka saba da ita ita ce ikkilisiya. Za a yi sanarwa ranar Lahadi, a ɗauki baiko na musamman, zumuntar mata ta kai hatsi da gaisuwa. Wannan ƙauna ce ta gaske, ba kuma za mu daina ba. Sai dai mun sani baikon majami'ar ƙauye ba ya sayen sabon babur, ba ya kuma cika shagon da ya ƙone. Saboda haka muka ga ya dace mu yi nazari a kan inshora, mu ga wadda ta wajaba, da wadda ta dace, da wadda mai ƙaramin jari zai iya bari.

Mece ce inshora?

Inshora yarjejeniya ce tsakaninka da kamfani. Kai za ka biya ƙayyadadden kuɗi, yawanci na shekara ɗaya. Kamfanin kuma ya yi alkawari a rubuce cewa in wata masifa da aka ambata a takardar ta same ka cikin wannan shekara, zai biya ka diyya.

Ga misali domin mu gane yadda take aiki. A ce masu shago 1,000 kowannensu ya zuba naira 10,000. An tara naira miliyan 10 ke nan. A cikin shekarar shaguna biyar suka ƙone, kowanne da kayan naira miliyan ɗaya da rabi. Daga asusun nan za a biya su naira miliyan bakwai da rabi, saura ya tafi ga gudanar da aiki da ribar kamfani. Ba wanda ya san ko shagonsa na cikin biyar ɗin, shi ya sa kowa ya yarda ya zuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ta bambanta da adashi. A adashi kowa yana da ranar kwasarsa. A inshora wanda asara ta same shi kaɗai ke karɓa, in shekara ta ƙare lafiya kuɗinka ba ya dawowa. Wannan ne ke sa wasu su ce an cuce su, alhali abin da suka saya shi ne kariyar shekara guda, sun kuma same ta. Ta bambanta da caca kuma, domin ba a yi maka inshora sai a kan abin da asararsa za ta shafe ka, ba a kuma biyanka fiye da abin da ka rasa.

Hukumar da ke ba kamfanonin inshora lasisi tana kuma sa musu ido a Nijeriya ita ce NAICOM, wadda aka kafa a 1997. A watan Agusta 2025 shugaban ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003. Akwai kuma tsarin takaful, wanda aka gina bisa ƙa'idodin Musulunci, inda akan raba wa masu zubi wani kaso na rarar da ta saura. NAICOM ce ke kula da shi shi ma, ƙofarsa kuma a buɗe take ga wanda ba Musulmi ba.

Rashin bangaskiya ce?

Mun sha jin ɗan'uwa ya ce, “Ni Ubangiji ne inshorata.” Ba mu raina wannan magana ba, gama ta fito daga zuciyar da ke dogara ga Allah. Amma bari mu duba yadda bayin Allah suka yi a Littafi Mai Tsarki. A Farawa 41 Allah ne ya nuna wa Yusufu yunwar da ke tafe, Yusufu kuwa ya ba da shawarar a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara bakwai. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana (Nehemiya 4:9). Da Agabas ya yi annabcin yunwa, almajiran da ke Antakiya suka haɗa gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, domin 'yan'uwa na Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Cikin waɗannan duka addu'a da shiri tare suka tafi.

Abin da Ubangijinmu Yesu ya hana a Matiyu 6 shi ne damuwa, wato zullumin da ke cin zuciya kamar ba mu da Uba a sama. Wanda ya tsawata wa a Luka 12 kuma shi ne attajirin da ya sa ransa ga rumbunansa ya manta da Allah. Mutum yana iya mai da takardar inshora gunki, kamar yadda yake iya mai da rumbu ko garken shanu. Amma mai bi da ke kulle shagonsa da dare, yake kuma yi wa 'ya'yansa allurar rigakafi, ya riga ya yarda cewa shiri ba ya rage bangaskiya. Jarin da ke hannunmu amana ce, mu masu riƙo ne kawai.

Kasa haɗarin kashi uku

Mai ƙaramin jari ba zai iya sayen kowace inshora ba, ba ya ma bukatar haka. Ubangiji ya ce mai son gina bene ya fara zama ya yi lissafi. To, ka zauna da matarka, ko ki zauna da mijinki, ku rubuta duk abin da zai iya faruwa da sana'ar, sa'an nan ku kasa shi kashi uku.

Kashi na farko, ɓarnar da sana'arka za ta iya yi wa wani mutum. Na biyu, asarar da in ta auku sau ɗaya sana'ar ta mutu, wataƙila ma ta bar iyali da bashi. Na uku, ƙananan asarori da za ka iya ɗauka daga ribar wata ɗaya ko biyu. Kuɗin inshorarka ya fara tafiya ga kashi na farko, abin da ya saura ya tafi ga na biyu. Na uku kuwa ajiya ce maganinsa.

Kashi na farko: haƙƙin maƙwabci

Mun sa wannan a gaba domin Maganar Allah ta sa shi a gaba. Fitowa 22:6 ta ɗora biyan diyya a kan wanda ya kunna wutar da ta bazu ta cinye hatsin wani. Fitowa 21:33-34 ta ɗora shi a kan wanda ya haƙa rami bai rufe ba har dabbar wani ta faɗa. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta umarci mai sabon gida ya yi wa soronsa rawani, don kada alhakin jinin wani ya hau kansa. Ba da gangan aka yi ɓarnar ba a duk wuraren nan, duk da haka sai an biya.

Ga yawancinmu babban haɗarin da muke jawo wa wasu yana kan hanya. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da ake kira ta mutum na uku, wato wadda ke biyan wanda ka ji wa rauni, ko iyalin wanda ya rasu, ko mai dukiyar da ka lalata. Bisa farashin da NAICOM ta sanar, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2023, babur yana biyan naira 3,000 a shekara, ana kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan ɗaya. Babur mai ƙafa uku naira 5,000 ne, da diyya har miliyan biyu. Motar gida naira 15,000, da diyya har miliyan uku. Babbar motar dakon kaya naira 100,000, da diyya har miliyan biyar. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa.

Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan inshora ba ta gyara naka abin hawan. Mai son haka sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya kasa kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. In kana ɗaukar fasinja, ka faɗa wa kamfanin a fili, ka kuma tambaya ko su ma suna ciki. Na biyu, takardun jabu sun yi yawa. Akan haɗa wa mutum takardun babur a dunƙule a ce masa har da inshora, ya biya kuɗi kaɗan ya yi murna, sai ranar haɗari a tarar kamfanin ma babu shi. Araha ba ta ado. Ana iya bincika takardar a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, ta intanet ko ta danna *565*11# a waya a sa lambar abin hawan. Mai bi da ya riƙe takardar jabu da saninsa domin ya wuce shingen 'yan sanda ya yi ƙarya ga hukuma, ya kuma bar maƙwabcinsa ba kariya.

Yaran da ke yi mana aiki su ma maƙwabta ne. Injin matse rake da injin niƙa suna cin yatsu, wani lokaci hannu gaba ɗaya. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi cewa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Kamfanoni kuma suna sayar da inshorar haɗari ta mutum ɗaya ko ta rukuni. Mai injin da ke da yara biyu ko uku ya nemi bayani kafin injin ya fara juyawa.

Kashi na biyu: asarar da ke kashe sana'a

A nan kowace sana'a da tata.

Mai shago, gobara ce babbar abokiyar gabarsa. A watan Maris 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano cikin dare ɗaya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai inshorar gobara zalla takan tsaya ga wuta da tsawa da wasu irin fashewa. Ambaliya, da guguwar da ke yaye rufi a farkon damina, da ɓarnar tarzoma, sai an ƙara su a takarda da suna. Ka duba ka ga an rubuta su. In shagon haya ne, inshorar mai gini ba ta shafi kayanka ba, naka daban ne. Inshorar sata kuma yawanci tana biya ne in an fasa ƙofa ko bango aka shiga da ƙarfi, ba ta biyan kayan da yaron shago ya riƙa zarewa kaɗan-kaɗan.

Mai sayen hatsi a ƙauyuka yana kaiwa Dawanau, jarinsa duka yakan hau mota ɗaya. Inshorar motar ba ta biyan buhunan da ke cikinta. Akwai ta kayan da ke kan hanya, ana iya yin ta domin tafiya ɗaya ko domin shekara. Mai POS kuma ya tambayi inshorar tsabar kuɗi, ya san iyakar abin da aka yarda ya riƙe a wurin aiki da wanda zai ɗauko daga banki.

Manomi da mai kiwo suna da hukumar inshorar noma ta tarayya, NAIC, wadda shirinta ya fara a 1987. Tana kare amfanin gona da dabbobi daga irin su fari, ambaliya, gobara, ƙwari da cututtuka, dokarta kuma ta tanadi gwamnati ta ɗauki har rabin kuɗin inshorar wasu amfanin gona da dabbobi. Wanda ya tuna tsutsar da ta cinye tumatir a Kano da Kaduna a 2016, ko murar tsuntsaye da ta shiga gidajen kaji a Kano a 2015, ya san gona guda tana iya ƙarewa cikin mako. Tun lokacin shuka ake rajista, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ci bashin banki domin noma ya tambaya, gama sau da yawa an riga an cire masa kuɗin inshora bai sani ba, har ya yi asara bai nemi haƙƙinsa ba.

Akwai kuma asarar da ba ta taɓa shago amma tana cinye shi, wato rashin lafiya. Mun ga yadda tiyata ɗaya ko haihuwa mai wuya ke sa a sayar da keken ɗinki. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta ta ga kowa, a Jihar Kano kuma hukumar taimakekeniyar lafiya, KSCHMA, tana da tsarin masu sana'ar kansu. Ga mai ɗinki ko mai kitso, wanda jarinsa na gaske hannunsa ne, wannan takan fi inshorar kaya muhimmanci.

In da bashi aka fara sana'ar, a tuna da gwauruwar nan ta 2 Sarakuna 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu da bashi, mai bin bashin kuma ya zo ɗaukar 'ya'yanta biyu. Allah ya cece ta ta hannun Elisha, muna yabonsa. Amma ba magidancin da zai so ya bar iyalinsa a wannan hali. Akwai inshorar rai da ke biyan ragowar bashi in mai bashin ya rasu, bankunan masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna haɗa ta da rance. A karanta, a kuma gaya wa iyali tana nan.

Kashi na uku: abin da za ka ɗauka da kanka

Tayar da ta fashe, bel ɗin inji da ya tsinke, kaza biyu da suka mutu, kwandon tumatir da ya ruɓe. Kada ka kashe kuɗi kana neman inshorar irin waɗannan. Ko ka yi, yawancin takardu suna da wani adadi na farko da kai za ka ɗauka kafin kamfani ya fara biya. Ware wani abu daga ribar kowane mako, ka ajiye shi daban da jari. Ka kuma rage haɗarin da hannunka: kada man fetur ya kwana cikin shago, janareta ya zauna a waje, mai sana'ar lantarki na ƙwarai ya ja maka waya, a ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara kusa da ƙofa.

Kafin ka biya

Ka tabbata kamfanin yana cikin jerin masu lasisi na NAICOM, wakilin kuma ya nuna shaidarsa. Ka biya a asusun kamfanin, kada ka tura a asusun wani mutum, ka kuma karɓi rasit. Ƙa'idar doka ita ce in ba a biya ba babu kariya, saboda haka “zan cika mako mai zuwa” ba ta aiki a nan. Ka rubuta ranar da takardar za ta ƙare a bangon Littafinka Mai Tsarki ko wani wurin da kake gani kullum.

Ka sa a karanta maka sashen abubuwan da ba a biya, shi ne ya fi kowane sashe muhimmanci. Ka faɗi darajar kayanka ta gaskiya. A ce kayan shagonka na naira miliyan biyu ne, ka rubuta miliyan ɗaya don kuɗin ya yi sauƙi. Wuta ta ci kayan naira 800,000. Kamfanin zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, sai ya biya rabin asarar, wato naira 400,000. Tun da farashin kaya ya yi ta hawa bayan cire tallafin mai a 2023, adadin da ka rubuta bara wataƙila bai kai na bana ba. Ka sake lissafi duk lokacin sabuntawa.

Ka riƙe littafin saye da sayarwa, da rasit, da hotunan kaya a waya, kwafi ɗaya kuma ya kwana a gida. In asara ta auku, ka sanar da kamfanin nan da nan, ka samo rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, kada ka share wurin kafin mai ƙiyasi ya zo. In an hana ka haƙƙinka ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

Gaskiyar da muke nema daga kamfani, mu ma ana nemanta daga gare mu. Wanda ya ɓoye cewa yana sayar da fetur a gefen shago ya ba kamfani hujjar ƙin biya. Wanda ya ƙara buhu goma a kan abin da ya ƙone ya saci kuɗin sauran masu zubi. Karin Magana 11:1 ta gaya mana yadda Ubangiji yake ƙyamar ma'aunin algus, fom ɗin neman diyya kuwa ma'auni ne.

Aikin ikkilisiya

Yawancin takardun nan da Turanci suke, da ƙananan haruffa. A kusan kowace majami'a akwai malamin makaranta, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗalibi da zai iya zama da ɗan'uwa ya fassara masa. Wannan hidima ce. Zumuntar maza, ko ta mata, ko ta matasa tana iya haɗa masu sana'a iri ɗaya su nemi inshorar rukuni, ko irin ta masu ƙaramin ƙarfi da NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Dattawa kuma su yi hattara kada bagadi ya zama wurin tallar wani kamfani. Mu koyar, kowa ya zaɓa da kansa.

Manzo Bulus ya ce mu ɗauki nauyin juna, a ayoyi kaɗan gaba kuma ya ce kowa zai ɗauki kayansa (Galatiyawa 6:2, 5). Ɗan'uwan da ya biya naira 5,000 na inshorar babur ɗinsa ya ɗauki nasa kayan. Ta haka baikon ikkilisiya zai isa ga gwauraye da marayu da waɗanda ba su da abin biya ko kaɗan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A sana'arka, wane ne zai iya cutuwa ba da nufinka ba, me ka kuma tanada dominsa?
2. Wace asara ce guda ɗaya da za ta rufe sana'arka gobe?
3. Ta yaya za mu gane ko shirinmu ya zama damuwar da Ubangiji ya hana?
4. Wane ne a majami'armu zai iya taimaka wa 'yan'uwa karanta takardun yarjejeniya?

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, kai ne mai ba da ƙarfin neman abinci. Ka sa albarka ga aikin hannuwan 'ya'yanka a Karaye da Rogo da ko'ina. Ka ba mu hikimar yin shiri, da gaskiya cikin kowace yarjejeniya, da zuciyar da ke tuna maƙwabci. Ka tsare mu daga gobara da haɗari, in kuwa gwaji ya zo, ka riƙe bangaskiyarmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.